Injin da na ƙona da hannuna

Lyon, daren Laraba

Ni na koya wa kaina gyaran moto a Damagaram. Ni na kawo kaina Faransa, na buɗe garaji, ba wanda ya miƙo mini ko sufana. Yau na ƙona inji, abin da ban taɓa yi ba.

Motoneige ce, babur ɗin dusar ƙanƙara, na sayo ta hannu. Na canja buji, wato fulogi, sannan na gwada ta yadda muke gwada kowane moto, na yi ta zagaya filin garaji bisa siminti. Ashe ƙanƙarar da take watsawa ƙarƙashinta ce ke sanyaya injin. Ƙauri ya tashi, fistan ya kama.

Alhaji Issa mai shago a unguwar Guillotière yana tsaye yana kallo. Ya ce, "Malam Haruna, kifi ka saya kake gwada shi bisa rairayi?" Gobe labarin zai kai wurin mutanenmu na unguwar Belleville, can babban birnin ƙasar. Wa zai sake kawo mini motarsa?

Ni kaɗai zan kwance ta. Ranar da ta tashi, a rubuta sunana cikakke: Haruna Mamman, bakanike.