A Ba Mu Ƙafar Malam Mu Binne

Zuwa ga Likita, Farfesa mai binciken jijiyoyin jini, a asibitin da aka yanke ƙafar maigidana, nan Yawunde.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ka yi mini gafara da na shigo maka da damuwata, alhali na san lokacinka na marasa lafiya ne da ɗalibai. Waɗanda za su karanta wannan takarda, ko a karanta musu, su ma su yi haƙuri da ni. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a gidan suna ba a cika jin muryata ba. Da akwai sauran ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba, da ban fito fili ba. Ban rubuta sunanka ba, don ba tozarta ka na zo yi ba. Kuma ba da hukuma nake ba, kada wani ya juya mini zance.

Ni matar tela ce a unguwar Briqueterie, ina karantar da matan aure Alƙur'ani a tsakar gidana. Da ajami na rubuta wannan, ƙanen mijina, Iro mahauci, ya kai aka mayar maka da ita Faransanci. Sunan maigidana yana cikin rajistarku. A wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta, Malam nake ce masa, haka zan ce a nan.

Na farko, alherinka, don ba zan ci haƙƙinka ba. Damina uku ke nan da wasu ƙuraje baƙaƙe suka fito wa Malam a ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Suka yi ta yaɗuwa, ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga, abu kaɗan sai jini. Mun yi na gida, mun yi na asibiti. Kai ne likita na farko da ya ja kujera ya zauna, ya sa aka fassara mana abin da ke faruwa. Ka ce wannan ciwo na jijiyoyin jini ne da suke tsirowa inda ba a kira su ba, kuma ƙari ba ya girma sai ya jawo wa kansa hanyoyin jini, kamar sabuwar unguwa da ke jan famfo. Ka ce aikin rayuwarka shi ne gano yadda za a toshe wannan hanya, ƙarin ya mutu da yunwa. Malam ya ji daɗin bayanin har ya yi ta maimaita wa abokan sana'arsa. Da ka ce sai an yanke, bai yi musu ba. Ga shi yau shekara biyu bayan haka yana nan cikinmu, kuma bayan ikon Allah hannunka ne sanadi. Na gode.

Na biyu, ranar aikin. A addininmu, gaɓar da aka yanke daga jikin mutum ba shara ba ce. Ana naɗe ta a farin ƙyalle a haƙa rami a binne. Ba a yi mata salla, ba a tara jama'a, aikin mutum biyu ne da fartanya. Tun kafin a shiga da Malam, Iro ya gaya maka wannan, ni kuma ina tsaye a bayansa da farin yadin da na sayo a kasuwar Mokolo na wanke na goge. Ka ce babu damuwa, amma a bari kwana kaɗan a duba ta a ƙarƙashin madubin likita, domin amfanin wasu masu irin ciwon. Muka ce to. Mutumin da zai tsaya a kan ran ɗan'uwanka, ba ka tsare shi da ciniki. Kunya ce ta hana mu cewa a rubuta mana rana, kuma wannan kuskurenmu ne.

Na uku, zirga-zirga. Iro ya koma bayan mako guda, aka ce ba a gama ba. Ya koma bayan wata, aka ce ka yi tafiya taro ƙasar waje. Daga nan ni na karɓa, don shi yana da tebur a mahauta. Sau biyar na hau taksi na je. Na aiko da wasiƙa biyu ta hannun mai gadinka, ko ɗaya ba a amsa ba. A zuwana na ƙarshe, cikin watan Rajab ɗin da ya wuce, na tarar ana goge daɓen ɗakin bincikenka, ƙofa a buɗe. Ban yi niyyar leƙe ba, idona ne ya faɗa. Na ga kanta cike da kwalabe, na ga ƙafar Malam a cikin ruwan magani, ta yi fari fat, da lamba a manne a jikin kwalbar. Kada a ce na yi kuskure. Shekara ashirin da shida ina zuba wa ƙafar nan ruwa, na san tsagaggen farcen babban yatsa, na san kantar da keken ɗinki ya yi mata. A ƙarƙashin kantar kwalaben, ɗalibai biyu cikin fararen riguna suna cin burodi suna dariya. Ban ga laifinsu ba, yara ne, sun saba. Na fito na zauna a bakin kwalbati, sannan na kama hanyar gida.

Na huɗu, sunanka. Mun ji ka a rediyo. An ce rubuce-rubucenka a kan tsirowar jijiyoyin jini sun kai ƙasashen Turawa, kuma likitocin can idan za su yi rubutu a kan wannan ciwo sai sun ambaci naka tukuna. Wata nas maƙwabciyarmu ta kawo mini ɗaya daga cikin mujallun. Ba na karanta boko, amma hoto ba ya buƙatar tafinta: ƙafar ce, kafin a yanke da bayan an yanke. Ban yi baƙin ciki da ɗaukakarka ba, Allah shi ne shaida. Mu ma a namu karatun haka ilimi yake tafiya, wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, kuma wanda aka fi ambata shi ne babba. Sai dai mu an hore mu da cewa duk wanda ka amfana da shi, ko harafi ɗaya ne, yana da haƙƙi a wuyanka. Ilimin nan da ake yabo, wani sashinsa daga jikin telan Briqueterie aka yanko shi. Ba mu nemi a rubuta sunansa ba, shi kansa ba zai so ba. Ba mu nemi komai na duniya ba. Abin da aka ara don a duba, an duba, an ɗauki hoto, an buga, duniya ta gani. Me ya rage?

Na biyar, kuma shi ne mai nauyi, laifina ne ni. Da aka sallamo Malam, kullum sai ya ce ƙafar da babu ita tana yi masa sanyi, kamar an tsoma ta a ruwa an manta. Nas ta ce duk wanda aka yanke wa gaɓa yakan ji irin haka, kuma ban ce wannan hujja ce ba. Amma yana fama da zazzaɓi wata rana ya kama hannuna ya tambaye ni ko an binne. Na ce an binne. Ya yi hamdala, ya yi barci. Ni da nake hana ɗalibaina ƙarya ko da wasa da yaro, na yi wa mijina ƙarya a kan jikinsa, na kuma sa Iro ya rufa mini. Shekara biyu ina tsayawa salla da wannan a ƙirjina.

Yanzu ciwon ya dawo, ya hau cinya ya shiga ciki. Likitocinku sun ce mu koma gida mu yi ta addu'a, mun gane abin da suke nufi. Ranar Talatar nan na durƙusa na gaya masa gaskiya, don ba zan bari ya tafi da ƙaryata ba, kuma ba zan fitar da wannan takarda duniya ta ji kafin shi ba. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya juya fuskarsa bango, sannan ya ce ya yafe mini, kuma idan ya riga ƙafar, kada a jinkirta jana'izarsa saboda ita.

Limaminmu ya ce mini Allah mai iko ne ya tattaro bawansa ko daga cikin kifi, balle kwalba. Na sani, na yi imani. Ba tashin ƙiyama nake jin tsoro ba. An karantar da mu cewa ɗan Adam abin girmamawa ne, da rai ko babu rai. Kai ma, Likita, na san mutanenku ba sa wasa da wannan. Muna ganin motoci suna fita Yawunde da akwatin gawa, tafiyar kwana guda, don kawai mutum ya kwanta a ƙasar iyayensa.

Abin da ya sa na kasa ƙara haƙuri shi ne labarin da nas ta kawo, cewa an gayyace ka koyarwa ƙasar waje, kuma an fara jera kwalaben a akwatunan katako da garin itace, za su bi ka. Idan ba haka ba ne, ina neman afuwa. Idan haka ne, ƙafar Malam za ta haye teku, shi da ko Duwala bai taɓa zuwa ba.

Ga roƙona. Ka sa a fitar da kwalbar daga cikin kayan tafiya. In akwai ɗan abin da bincike ba zai yiwu ba sai da shi, ka faɗa mana da bakinka, Malam yana cikin hankalinsa, shi zai ce e ko a'a. Sauran a miƙa wa Iro, ba sai ka fito da kanka ba, ba sai an ba mu haƙuri ba. Kuma kwalaben da ke kusa da tasa, kowace da mai ita, a nemi danginsu a tambaye su.

Malam ba ya cin abinci yanzu sai ruwan koko, cokali uku ko huɗu. Ina so in shiga ɗakinsa in ce masa an binne, ya zama gaskiya, yana ji.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa ka gano maganin da kake nema, ya sa wata mace kada ta ga abin da na gani. Allah ya tsare ka a tafiyarka, ya raya maka zuriya. Duk wanda ka tambaya gidan tela mai ƙafa ɗaya a Briqueterie zai nuna maka. Don Allah ka amsa mini cikin makon nan.

Wassalam.

Hauwa'u, matar Malam tela,
Briqueterie, Yawunde.