Inna, Ina Yayyen Gambo?

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, a makwancinki na gabas da Ajingi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, kabari ya yalwata. Ɗanki ne, Gambo. Malam Sule tela ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na ja masa kunne kada ya gyara mini magana, don na san halinsa.

Labari na kawo miki, da tambaya. Jikarki Ladi, 'yata, wadda kika bari kafin yaƙin basasa ko ɗaurin zane ba ta iya ba, ta sauka a gidan mijinta a Gaya. Tagwaye, namiji da mace. Ƙanana ne ƙwarai, Inna. Bana fari ya cinye gyaɗa, gero ma sai a hankali, uwar ba ta ci ta ƙoshi ba da cikin. Da aka miƙo mini macen, nauyin zanen kawai na ji.

Na je barka. Uban mijinta, Alhaji Mamman, wanda tun da ya dawo daga Makka yatsu yake miƙo mini in za mu gaisa, ya gyara zama a zaure ya ce wai tagwaye gadon gidansu ne, kakarsa sau biyu ta yi, duk sun girma har sun ga jikoki. Na ce a dakata, a tambayi sunana tukuna. Wa bai san mabiyin tagwaye ake ce wa Gambo ba? Sai ya ce, "To Gambo, ina yayyen naka?" Aka kwashe da dariya har da wanzami. Na ɗauki takalmana na fito, na ce ƙafata ba za ta taka wurin suna ba sai ya janye maganarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ni da amsa. Na tashi ban ga kowa a gabana ba. Baba ya ce sunan wani amininsa ne, bafataken goro, aka laƙaba mini. Ke kuwa sau ɗaya na tambaye ki, ina yaro, kika ce, "Ci tuwonka, yana hucewa."

Tun daga ranar barkan nake juya abin. Kin tuna jar akuyarki mai yankakken kunne? Ba ta taɓa haifar ɗaya ba. 'Ya'yanta mata ma biyu-biyu suke zubowa, har bunsurun da muka sayar wa mutanen Gafasa, an ce 'ya'yansa mata haka suka yi. To in akuya na gadon abin, me zai hana mutum? Na tambayi Jauro Buba da ke kiwo a bayan gonata, ya ce a shanu da wuya a gani, kuma shi bai shiga rigimar surukai ba.

Ranar kasuwar Gaya na tare malamin asibiti yana cin rake. Ya ce masu kama ɗaya sak, wannan kyauta ce kawai, ba ta bin gida. Amma waɗanda ba su kama, irin na Ladi, ta wajen mace abin ya fi bi, kuma namiji kan ɗauko daga uwarsa ya miƙa wa 'yarsa, shi bai sani ba. Na ce to kakar Alhaji fa? Ya ce ba ita ta ɗauki cikin ba. Na roƙe shi ya zo ya maimaita a zauren Alhaji, ya ƙi. 'Yan boko ke nan, gaskiya a bakinsu, tsoro a cikinsu.

Saura shaida. Na ɗaura wa jaki akumari na nufi Gafasa wurin ƙanwarki, Inna Dije. Tana nan, ido ya tafi, baki bai tafi ba. Ta ce, "Kai da furfurarka, ka taɓa ganin uwar da ke kiran sunan ɗan farinta?"

Sai na tuna. Ke da ko sunan Baba ba ki taɓa kamawa ba, amma ni kina ƙwala mini kira daga bakin rijiya, Gambo, Gambo, kina tsokanata, kina cire mini ƙaya a cinyarki a gaban mutane. Na ɗauka tsabar so ne ya hana ki yi mini kunyar ɗan fari. Ashe kunyar tana da masu ita.

Inna Dije ta ce maza ne biyu kika haifa kafin ni. Da kaka suka zo, ba su ga damina ba. Ɗaya ya tafi, ɗayan ya ƙi nono ya bi shi.

A hanyar dawowa na tuna Hassan mahauci, maƙwabcinmu. Shekara da shekaru "mai nama" kike ce masa. Ladan Husaini kuwa "mai kiran salla". Har na taɓa yi miki faɗa, na ce mutane za su ce girman kai ne. Kika dube ni, kika ci gaba da kaɗinki. Ashe 'ya'yanki kike wa kara, su da suke ƙarƙashin ƙasa tun ban zo duniya ba.

Ina da ƙorafi a kanki, ba zan ɓoye ba. Da kin nuna mini ko wurin da suke kwance, da na riƙa tsayawa ina yi musu addu'a. Kin bar ni ina yawo da sunan da ban san nauyinsa ba, har wani ya yi mini dariya da shi.

Yanzu amsa tana hannuna, Inna. Zan iya shiga zauren nan in ce ga yayyena, ga sunansu, ga mai shaida a Gafasa. Na ma shirya yadda zan faɗa, da inda zan tsaya in kalli wanzamin. Sai wata tambaya ta tare ni, wadda ban yi wa malamin asibiti ba, kuma ba zan yi masa ba. In zuwansu gadonmu ne, tafiyar fa? Na Alhaji sun rayu. Naki ba su ga damina ba. In na buɗe baki a zaure, kafin la'asar maganar ta shiga ɗakin Ladi, ita da ke kwana tana taɓa ƙirjinsu ta ji ko suna numfashi.

Don haka jibi zan je suna. Zan zauna inda aka zaunar da ni, in karɓi goron Alhaji. In ya sake cewa gadon gidansu ne, zan ce haka ne, Alhaji, Allah ya sa su gaji naku duka. Kin san ban taɓa sakar wa kowa magana ba, ko a kan iyakar gona. Wannan na sakar masa.

Allah ya jiƙan ki, ya haɗa ki da su biyun a inda babu sauran kara, ki kira su da sunansu da ƙarfi. Ya raya na Ladi, ya kawo mana damina mai albarka su gan ta.

Ɗanki na uku,
Gambo.