Manyan Baƙaƙen Kalli

Talata, 3 Oktoba 2023
Katin Kalli ya iso daga Gagamari. Ƙanwarsa Fatime ta kawo shi cikin buhun tattasai, har atishawa ya sa ni. Tun muna ɗaliban zane haka muke: kowa ya zana abin da idonsa ya gani, a baya ya yi layi biyu da hannunsa. Wannan karon kogin Komadugu ne. Gaɓa a karkace, shanu kamar duwatsu, rubutu ɓaro-ɓaro kamar na ɗan aji ɗaya.

Alhamis, 5 Oktoba
Na mayar masa: "Sannu, Bature! Ashe zanen da ba a gane kansa ya iso Gagamari? Saniyarka ta biyu, ina kai, ina wutsiya?" Na ji daɗin kaina. Rubutu ƙanana tsaf, da siririn alƙalamin nan da nake ji da shi.

Talata, 10 Oktoba
Ba kati.

Talata, 17 Oktoba
Na tare Fatime a kasuwa, na ce, "Yayanki fushi yake yi?" Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta awon tattasai. "Fushin me, Yaya Hanifa? Ni na karanta masa. Yanar ido ta rufe masa idon dama, na hagun ma dishi-dishi." Wai da ta zo kan saniyar sai ya ce ta maimaita. Ya yi dariya ya ce, "Hanifa ai ba abin da ke wuce idonta."

Ba abin da ke wuce idona. Da digirina da komai.

Laraba, 18 Oktoba
Na baza katunansa na bana a kan tabarma. Baƙaƙen suna ta girma tun kafin damina. Duk na gani. Na ce salo ne.

Asabar, 21 Oktoba
Na ɗauki waya, na ajiye. In na ba shi haƙuri zai ji tausayi a muryata, kuma daga nan katin ya ƙare.

Talata, 24 Oktoba
Na huda masa kogin a jikin kati da allura, na manna yashi a gaɓa da ƙaro, 'ya'yan tattasai su ne shanu. Muni kam ba a magana. Na rufe ido na shafa, na gyara gaɓar. A baya, kowane baƙi kamar babban yatsa: "NAKA NAKE JIRA."

Na ce wa Fatime kada ta karanta masa, ta miƙa masa kawai.

Siririn alƙalamin ban san inda ya shiga ba. Ban dai nema ba.