Ƙofar Maƙerar Baba

Zongo, Cotonou
4 ga Maris

Zuwa ga Yayana Chaïbou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan haƙarka a Perma. Ya rami, ya gajiya? Tunda Baba ya hana a ambaci zinariya a waya, dole in ɗauki biro kamar 'yar lakwal a aji.

Saƙonka ya iso ta hannun Kader direba, dunƙule shida cikin kwalbar magani. Jiya Baba ya ƙona su, zaibar da kuke kama garin zinariya da ita ta bi wuta, zinariyar ta fito tas. Kamar kullum, ƙofar maƙera a kulle, taga a toshe da tsumma. Ka san dokar Kaka tun zamanin da yake zuwa da zinariya daga Gwanja cikin kayan goro: zinariya ba ta son ido.

Amma Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Hannun Baba rawa yake yi. Shayi ba ya kaiwa bakinsa sai rabi ya zube, kuma abu kaɗan sai faɗa, mutumin da a da ko ƙuda ba ya kora da fushi. Ya ce tsufa ne. Wane irin tsufa, shekara hamsin da takwas?

Ƙanwarka,
Raïmatou

Zongo
11 ga Afrilu

Yaya Chaïbou,

Ina gaishe ka da kyau, Allah ya sa wannan ta same ka lafiya.

Da ƙyar na ja Baba zuwa wani asibiti wajen Gbégamey. Likitar ta tambayi sana'arsa, ya dube ta ido cikin ido ya ce goro yake sayarwa. Da ya fita na koma na faɗa mata gaskiya. Sai ta ajiye biro. Ta ce hayaƙin zaiba, wadda suke kira merkir, ba shi da launi, ba shi da wari, kuma kai tsaye ƙwaƙwalwa yake nufa. Ta ce babu abin da ya fi muni irin a ƙona ta a rufaffen ɗaki.

A kan zem, babur ɗin haya, muna dawowa na gane inda muka yi kuskure. Zinariyar Kaka a ƙwarya ake wanke ta, babu zaiba a ciki, don haka rufe ƙofa bai taɓa cutar da shi ba. Mu muka gaji ƙofar, kaya kuwa sun canza. Shekara huɗu ke nan kana aikowa, shekara huɗu Baba yana shaƙa.

Kwana uku bai yi mini magana ba, wai na tona asirin gida. Ya ce giram ɗin zinariya bai taɓa tsada irin ta bana ba, kuma da wannan tukunyarmu ke hawa wuta. Na sani, ni ce mai cefane. Amma kai ma ka rubuto cewa rafin da kuke wanki ya koma kamar kunu, kifi ya ƙare, har kana dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Don Allah ka dakata da aikowa. Tsoro nake ji.

Taka,
Raïmatou

Zongo
20 ga Mayu

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba zan ja ta da tsawo ba.

Na roƙe ka ka dakata, ka amsa mini da dunƙule tara, da saƙon cewa tsoron mata ne. To, ga abin da na ɓoye maka.

Da na rubuta cewa Baba ya ƙona, ƙarya na yi. Tun watan Janairu awartaki ba ya tsayawa a hannunsa. Ni ce nake shiga in kulle ƙofa in hura gawayi, shi kuma ya zauna a waje yana gadi, yana gaisawa da masu wucewa. In Zongo ta ji hannun maƙeri ya mutu, wa zai sake kawo masa ko ɗan kunne? Ko bayan maganar likita sai da na ƙona sau biyu, don na kasa kallonsa yana roƙona.

Ranar Juma'a na kai masa shayi. Kofin ya yi ta kaɗawa a kan faranti tun daga madafa, Baba ya ɗago kai ya ga a hannuna yake kaɗawa, ba a nasa ba. Ya daɗe yana kallon yatsuna, sannan ya aika aka kira kafinta. A gaban maƙwabta aka cire ƙofar maƙera, aka jingine ta a bango. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar.

Likita ta ce tunda nawa ciwon bai daɗe ba, wataƙila ya lafa. Na Baba kuwa ba ta yi alkawari ba. Abin da za mu ci, Allah ya sani.

Ga kwalbarka nan wajen Kader, ban buɗe ta ba. Kai da kake murza zaiba da tafin hannu kullum, ka miƙa yatsunka ka duba.

In ka ga rubutun ya fi na da kyau, maƙwabciyarmu Sabrina ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Sunana kaɗai zan sa da hannuna. Ka dube shi da kyau kafin ka sake shiga rami.

Raïmatou