Sunan Yayana a Takardar Kunkuru

Anti Glenys, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, saura mako biyar mu tashi.

Ina rubuta miki wasiƙar nan ne a kan ɗan teburin da ke cikin ɗakinmu na tafi-da-gidanka, irin wanda ake ja da mota, alhali yana nan tsaye a bayan gida bai motsa ba. Tun watan jiya a ciki nake shan shayina kowace safiya. Mijina Lyle ya ce na fara zarewa, kuma ban musa masa ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina shafa wa burodi man shanu a kantin abincin wata makarantar firamare a nan Swan Hill, shi kuma yana gyaran injinan ban ruwa a gonakin inabi. Duk tsawon shekarun nan zancenmu ɗaya ne: ranar da muka ajiye aiki za mu yi Babban Zagaye, mu kewaye ƙasar nan kaf, mu dawo gida ta wancan gefen. To ga ranar ta zo, Anti. Uku ga watan Mayu za mu kama hanya, mu ratsa hamadar Nullarbor, mu isa Broome da rani, mu baro arewa kafin damina ta datse hanyoyi. Ko rubuta sunayen wuraren nan da nake yi, murna nake.

Na ɗinka sababbin labule. Na cika kowane lungu da gwangwanayen abinci har ƙofar kabad ba ta rufuwa sai da gwiwa. Muna ta shan zuma safe da yamma don mu ƙarar da ita, tunda an ce masu bincike a kan iyakar jihar yamma karɓewa suke yi. Ranar Lahadi kuma muna zuwa filin ƙwallo in koyi ja da baya da ɗakin, Lyle yana tsaye yana kaɗa hannuwa kamar mai korar ƙuda. Sau biyu na ture kwandon shara. Ya ce da irin tuƙina, da baya za mu isa Darwin kafin mu isa da gaba.

Kin ga na sake sakin zance. Bari in zo kan abin da ke damuna.

Ɗakin nan na yayana ne, Merv. Shi ya raɗa masa suna Kunkuru. Ya saye shi don ya yi wannan zagayen da matarsa Noelene, amma garin Ceduna kawai suka kai, ko Nullarbor ba su shiga ba, ciwo ya taso masa, suka juyo. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, sai ya kira Lyle baranda, ya ce masa Kunkuru ya zama namu, da sharaɗin mu kai shi inda shi bai kai ba. Suka yi musafaha. Kin dai san mazan garin nan, in sun haɗa hannu magana ta ƙare, wanda ya kawo zancen takarda kamar ya zagi mutum ne. Ba wanda ya rubuta ko harafi ɗaya. Merv ya rasu a watan Agusta, shekara ɗaya da wata bakwai ke nan. Noelene da kanta ta kawo mana makulli, muka ja Kunkuru zuwa gidanmu.

A bayansa, kamar yadda kowa ke yi, an manna sunayen masu shi da lambar tashar rediyon oba-oba da za a kira su a hanya: Merv da Noelene, tasha 18. Lyle ya riga ya sayo sababbin haruffa zai ɓare tsofaffin ya manna namu. A ganinsa da zarar sunanmu ya hau bayan nan, shi ke nan an gama.

Makon jiya a kulob ɗinmu na wasan mirgina ƙwallo, wata mata mai suna Raelene, wadda ta yi zagayen sau biyu kuma ba ta bari kowa ya manta, ta tambaye ni ko mun mayar da rajista sunanmu. Na ce mata tuntuni, don kada ta samu abin faɗa. Da na koma gida na buɗe aljihun teburin na ciro takardar. Sunan Merv ne ɓaro-ɓaro. Kuma rajistar ba ta mutu ba, wani yana sabunta ta.

Na gasa kek mai kwakwa na tafi wurin Noelene da niyyar in ce ta sa mana hannu. Ina fara zancen rajista, sai ta tashi ta ɗauko wani gwangwanin biskit ta buɗe. Ambulan biyu ne a ciki. Ta ce banki sun cire sunansa, masu wutar lantarki sun cire, asibiti ma sun cire. Wasiƙar sabunta rajistar Kunkuru ce kaɗai ta rage da ke zuwa akwatinta da sunan Merv Hocking a jiki, duk watan Satumba. Wai ranar da ta zo, sai ta sa rigar fita ta je ta biya, ta dawo ta adana ambulan. Tana faɗa tana murmushi. Anti, sai na ci kek yanka biyu, na yi mata hirar tumatir, na dawo gida ina kuka a mota.

Lyle ya ce mu bar maganar. Wai rajista tana da rai, lamba tana nan a manne, wa zai tsayar da tsofaffi biyu ya ce su kawo takarda? Har ya ce ai kamar Merv ne ke tafiya tare da mu. Rabin zuciyata ta yarda da shi, don ba na son in zama wadda ta ƙwace wa matar yayana abu na ƙarshe. Ɗaya rabin kuma ta ƙi kwanciya. Ina son tafiyar nan kamar raina, kuma ina son Noelene. In yi shiru mu tafi a haka, ko in koma in nemi sa hannunta?

Mai Ɗokin Hanya, Swan Hill

*

Mai Ɗokin Hanya,

Da farko barka da ajiye aiki. Na karanta wasiƙarki har na ji kamar in ɗauko jakata in biyo ku. Ki ci gaba da zuwa filin ƙwallo, kwandon shara ba ya kai ƙara.

Lyle yana da gaskiya a wuri ɗaya. Musafahar da suka yi da Merv kyauta ce ta haƙiƙa, kuma babu wanda ke jayayya da ita a danginku. Tausayin da yake ji wa Noelene ma abin yabo ne. Amma ki gaya masa in ji ni: musafaha tana aiki ne tsakanin mutanen da suka san juna, ku kuwa za ku yi wata shida cikin mutanen da ba su taɓa jin sunan Merv ba. A can takarda ce za ta yi magana a madadinku, kuma a yau abin da take cewa shi ne Kunkuru ba naku ba ne.

Ba ki ambaci inshora ba, kuma hakan ya ɗan tsorata ni. In iskar wata doguwar mota ta kifar da ku a wajen Broome, abu na farko da kamfani zai duba shi ne sunan wa ke kan rajista, sunan wa ke kan inshora. In suka saɓa, sai ki ga ana ta jan ku da tambayoyi kuna zaune a bakin hanya. In aka sace Kunkuru a wurin kwana, kuma ana sace su, 'yan sanda za su so magana da mai shi. Sannan a watan Satumba kuna can arewa. In Noelene ta kwanta mura mako biyu wasiƙar ta wuce ta, sai ku yi ta jan ɗaki marar rajista ba ku ma sani ba.

Ga kuma wanda ya fi damuna. Duk abin da ya samu Kunkuru a hanya, tara ce ko hatsari, gidan Noelene za a aika sanarwarsa, da sunan Merv a jikin ambulan. Ki yi tunanin ta ɗauko shi daga akwati da murnarta, ta buɗe ta ga abin da ke ciki. Shirun da kike son yi don tausayinta, shi ne zai iya jawo mata wannan ranar.

Saboda haka gobe da safe ki kira ofishin rajistar ababen hawa na jiharku, ki ce kina son mayar da rajista daga sunan mamaci. Za su faɗa miki takardun da ake bukata. Yawanci ba ya wuce shaidar rasuwa, da shaidar wanda aka damƙa wa kula da abin da ya bari, da fam ɗin da za a sa wa hannu, da katin shaidarku. Kowace jiha da tsarinta, don haka ki ji daga bakinsu, kada ki ji daga bakin Raelene. Ki sa Lyle ya durƙusa ya karanta lambar da aka buga a ƙarfen gaba, wanda ake maƙalawa a mota, ku tabbatar ita ce a takarda. Tunda kuma kabad ba ya rufuwa sai da gwiwa, ku kai Kunkuru ma'aunin motoci da duk kayansa a ciki, ku ga ko nauyinsa bai wuce ƙa'ida ba. Mako biyar ya isa, in ba ki ƙara ɓata guda wajen hirar tumatir ba.

Yanzu Noelene. Matar da ta kawo muku makulli da hannunta ba ta da niyyar hana ku tafiya. Ni a ganina ta buɗe miki gwangwanin ne don ta daɗe tana son wani ya gani, kuma ke ce ƙanwarsa. Ki koma ke kaɗai, ban da Lyle. Ki faɗa mata gaskiya yadda na faɗa miki, har da zancen ambulan da ba kya son ya same ta. Za ta yi kuka, ke ma za ki yi, ba laifi. Kada ki ajiye mata fam a gaba ranar, ki bari ta kwana da maganar.

Amma kada ki je hannu rabbana. Ki hana Lyle ɓare haruffan nan. Hukuma ba ruwanta da abin da aka rubuta a bayan ɗaki, ku bar Merv da Noelene inda suke, ku manna naku a ƙasa. Duk direban da ya kira ku a tasha 18 ya ce Merv, Lyle ya amsa. Sannan ki tambaye ta ko za ta so ki riƙa aiko mata da kati daga kowane gari, adireshin a rubuce irin na iyayenmu: Uwargidan Merv Hocking. In ta amince, kin karɓi wasiƙa ɗaya a shekara kin mayar mata da guda kowane mako, kuma ba wadda za ta ji tsoron buɗewa.

Ki sayi katin farko tun kafin ku tashi, amma kada ki jefa shi a akwatin gidan waya sai a gari na farko bayan Ceduna. Ki rubuta mata cewa Kunkuru ya wuce inda Merv ya tsaya.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku ta wancan gefen.

Anti Glenys