Na binne littafin mahaifina, ga shi an zo nemansa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, don ko a nan ma da ƙyar na iya rubutawa. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni malamin Islamiyya ne a Ƙanƙara, amma asalinmu 'yan Yargoje ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ne limamin unguwarmu har ya rasu. Yana da wani aboki Kirista, Bahaushe ne kamar mu, Baba Bulus, gonakinsu iyaka ɗaya. Tun ina yaro idan an gama girbi sai Baba Bulus ya zo zaurenmu da littafinsu na boko, ya riƙa karanta labarin annabawa yadda ya zo a Attaura da Linjila, Malam, wato mahaifina, yana rubutawa da ajami a wani littafi, a gefe ya sa ayar Alƙur'ani da ta yi magana a kai, inda suka saɓa ya ja layi. Su yi ta musu har da ɗaga murya, a kawo fura su sha, gobe a dawo. Ni dai tun da na yi wayo abin yake ba ni haushi, abokaina na tsokanata wai gidanmu an buɗe coci.

Da rashin tsaro ya tsananta muka dawo Ƙanƙara, su Baba Bulus suka yi wani wajen, zumunci ya yanke. Bayan rasuwar Malam ina gyara littattafansa na ci karo da wannan littafi. Na ce idan wani ya gani za a ce liman ya mutu da shakka a zuciya. Na so in ƙona, hannuna ya ƙi, ga rubutun Malam ga ayoyi cike a ciki. Sai na yi masa yadda ake yi wa tsofaffin takardu masu sunan Allah, na naɗe a leda na sa a tukunyar ƙasa, na binne a bayan ɗakin Inna, mahaifiyata. Ban faɗa wa kowa ba.

To makon jiya ina zaune ƙofar masallaci bayan la'asar da dattawan unguwa, sai ga wata mata ta yi sallama ta gaida mu cikin ladabi. Ta ce sunanta Rifkatu, tana digiri na uku a jami'a, bincikensu a kan fahimtar juna ne tsakanin Yahudawa da Kiristoci da Musulmi, ita aikinta ta tattaro yadda mutanen ƙasar nan suka zauna da juna, ta je Faskari ta je Sabuwa har Damari. Ta ce babanta Bulus ne ya ce ta nemi gidan liman, akwai littafin da suka rubuta tare, so take ta ɗauki hotonsa kawai, ta kuma karanta wa tsohon don idonsa ya tafi.

'Yan uwa, a daidai lokacin ana maganar a naɗa ni na'ibin liman, kuma masu yanke maganar su ne zaune a tabarmar. Na dube ta ido cikin ido na ce mahaifina bai taɓa sanin wani Bulus ba, ta nemi wani gidan. Wallahi mutumin da ya goya ni a kekensa ya kai ni asibiti ranar da kunama ta harbe ni, shi na ce ban sani ba. Ba ta yi musu ba, ta ce, "To Malam, a yi haƙuri, ƙila ni na ɓata." Wannan haƙurin da ta bayar ya fi mari ciwo.

Ashe ba tafiya ta yi ba, tambaya ta yi aka nuna mata gidan. Ina shiga bayan magariba na tarar da ita a tabarmar Inna da tuwo a gabanta, Inna na riƙe da hannunta tana kuka tana cewa ɗiyar Bulus ce, ita ta yanke mata cibi. Rifkatu ta gaishe ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ba ta tona ni ba. Da ta tafi Inna ta sa ni gaba, ta ce ta ga lokacin da nake haƙa ramin nan, shiru ta yi tana jiran in yi hankali. Ta ce, "Ubanka da rawaninshi bai ji kunyar Bulus ba, kai mi kake da shi da za ka ji?" Ta kuma ce Malam ya sha faɗi cewa in ya riga Bulus tafiya a kai masa littafin.

Yanzu ga inda nake. Idan na tono na ba ta, dattawan da suka ji na ce ban san shi ba za su gane ƙarya na yi, kuma a ƙofar masallaci, na'ibanci ya tafi, mutuncina ma ban san ko zai rage ba. Idan na bari, na ci amanar mamaci, ga tsoho makaho yana jira. Sannan damina huɗu ta wuce a kan tukunyar nan, ƙila in tona in tarar gara ta gama da shi, na tona asirina a banza.

Jumma'a Rifkatu za ta koma. Shin in kai mata a ɓoye in yi shiru, ko in koma tabarmar da na yi ƙaryar in warware a gabansu? Ta gaya wa Inna abin da babanta yake so a karanta masa shi ne shafin ƙarshe, wai sun tsaya a labarin Annabi Yusuf, daidai inda yayyensa suka zo gabansa, ba su ƙarasa ba. Ni na san ƙarshen, kullum ina koya wa yara cewa sun sunkuyar da kai sun ce mu ne masu laifi. Jiya na zo wurin a aji na kasa karantawa, na ce su tashi.