Ƙurajen Nikel a Ranar Baiko

Kak Rosnah, babbar yaya, ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ni uwa ce da ba ta wasa da tarbiyya, ƙarya ko ta raha ban yarda da ita a gidana ba. 'Yata, bari in kira ta Suriani, tana aiki a masana'antar manja, sashen da ake daskarar da mai ya zama bota. Ita ke zuba garin nikel a tukunya kafin a turo iskar haidirojin. Garin ya fesa mata ƙuraje a hannu, na yi faɗa har na gaji.

Ranar baikonta, uwar yaron ta kama hannunta za ta sa zobe, sai ta tsaya tana kallo. Da ta ji dalili, ta ture kek ɗin da na yi da botar, ta tambaya a gaban kowa ko ashe ƙarfe muke ciyar da baƙi. Kunya ta rufe ni, sai na ji bakina yana cewa ai Suriani ta riga ta ajiye aikin. Ƙarya ce, Kak. Yarinyar ta sunkuyar da kai kawai, kamar yadda na koya mata. Har yau tana sumbatar hannuna da safe, amma ba ta kallon fuskata. In tilasta mata ta bar aikin don maganata ta zama gaskiya?

Uwa mai ɓoye fuska, daga garin Pasir Gudang

'Yar'uwa, kada ki tilasta mata. Surukarki tana da hujjar tsorata, amma ba ƙarfe kika ba ta ba. Mai da haidirojin ba sa haɗuwa da sauƙi. Nikel ne ke riƙe su a jikinsa har su haɗu, man ya yi kauri, sannan a tace shi a fitar. Ƙurajen kuwa gaskiyarki ce: ya kamata Suriani ta ga likita, ta nemi safar hannu mai kyau a wurin aiki.

Sauran gyaran naki ne. Ki fara ba 'yarki haƙuri, sannan ki je wurin uwar yaron da ƙafarki ki janye maganar. In kin haɗa gidajen biyu, ki yi irin ta nikel ɗin, ki fita daga tsakani. Allah ya warkar da hannun, ya sa ta sake kallon fuskarki.

Kak Rosnah